Yadda Ake Gano Matsalar Kwayil a Sigarin Lantarki Mai Ƙayyade Zafi

Duk wanda ya fara naɗa kwayil da hannunsa, wato wayar da ke ɗumama ruwan sigarin lantarki ya zama tururi, ya kuma juya na'urarsa zuwa tsarin ƙayyade zafi, wanda ake rubuta TC a fuskarta, ba ya daɗewa sai ya gamu da ɗaya daga cikin abu uku. Ko dai ya danna madanni tururi ya fito ɗan siriri mai sanyi, na'ura tana nuna ta kai zafin da aka sa mata alhali bakinsa bai ji komai ba. Ko ya zuƙa ƙauri ya sarƙe shi, auduga ta ƙone, wato ainihin abin da aka ce masa TC zai hana. Ko kuma na'urar ta fice daga TC da kanta ta koma tsarin wat, wanda ƙarfin wuta kawai ake ƙayyadewa a cikinsa. Daga nan sai a ce jabu ce, a ɗora laifi kan wanda ya kawo ta daga Duwala ko Yola. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau. Lambar da aka ba ta tun farko ce ba daidai ba, ita kuma a kan wannan lambar take gina duk lissafinta.

Wannan bayani na manya ne waɗanda suka riga suka saba da taba suna neman rabuwa da ita. Nikotin yana kama mutum ya riƙe, tururin nan kuma ba iska mai tsabta ba ce. Wanda bai taɓa shan taba ba, babu ribar da zai samu a nan. Kwalbar ruwan kuma a ɗaga ta inda hannun yaro ba ya kai, domin ƙamshinta na alawa ne, abin da ke cikinta kuma guba ne ga ƙaramin yaro in ya kurɓa.

Na'urar ba ta auna zafi

Sai ka gane wannan kafin ka taɓa ko da noti ɗaya. Babu wani ma'aunin zafi a cikin tanki, wato ɓangaren da kwayil da auduga da ruwa suke ciki. Abin da na'urar take karantawa kawai shi ne turjiyar waya ga wutar lantarki, wato lambar om da kake gani a fuska. Akwai ƙarafan da in suka yi zafi om ɗinsu yana hawa a kan tsari sananne. Na'urar tana riƙe om ɗin kwayil lokacin da yake sanyi, tana kallon yadda yake hawa in ka danna, sai ta ƙiyasta zafin daga bambancin. Kamfanin Evolv na Amurka ne ya fito da wannan dabara kasuwa a 2014 da allon lantarkinsa mai suna DNA 40, da wayar nikel. Daga baya aka shigo da taitaniyom, sannan ƙarfe mara tsatsa, SS316L, wanda shi ne yawancin mutane suke amfani da shi yanzu.

Kowane ƙarfe da nasa saurin hawa, shi ake kira TCR. Na nikel Ni200 wajen 0.006 ne a kowane digiri, na taitaniyom wajen 0.0035, na SS316L kuwa wajen 0.0009 kacal. Dubi abin da wannan yake nufi a aikace. Kwayil ɗin SS316L mai om 0.50 a sanyi, in ya tashi daga digiri 20 zuwa 220, om ɗinsa zai kai kamar 0.59. Duk tazarar da ke tsakanin sanyi da zafin da kake so, 0.09 ce. To in na'ura ta yi kuskuren 0.01 wajen karanta om, ta yi kuskuren sama da digiri 20 ke nan. In kwayil biyu ka haɗa om ya sauko 0.25, wannan kuskuren na 0.01 ya zama digiri 40 da ɗoriya. Noti ɗaya da bai ɗauru ba, ko ɗigon ruwa a gindin tanki, ya isa ya kawo wannan bambanci. Shi ya sa tankin da yake aiki lafiya a tsarin wat sai ya rikice a TC. Tsarin wat ba ruwansa da 0.01.

Fara da wayar kanta

Kada ka yarda da rubutun da ke jikin leda kawai, musamman wayar da aka yanko maka daga babban naɗi aka miƙo maka a takarda. Wayoyin Kanthal da nikurom Ni80 ba sa aiki a TC ko kaɗan, domin om ɗinsu kusan ba ya motsi komai zafi. A ido kuwa duk kamarsu ɗaya da SS316L.

Nemo maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ya isa. Kanthal yana manne masa sosai. Nikel ma yana mannewa, amma shi za ka gane shi da laushi, yana lanƙwasuwa kusan da kansa. SS316L ba ya mannewa, in ma ya ja to ɗan kaɗan ne. Taitaniyom ba ya mannewa. Inda maganaɗisu ba zai raba maka gardama ba shi ne tsakanin SS316L da nikurom, domin duka biyun ba sa bin sa. A nan sai ka naɗa kwayil, ka sa na'ura a tsarin wat, wat 12 zuwa 15, ka danna na daƙiƙa biyu kana kallon om in na'urarka tana nuna shi yayin dannawa. Na SS316L zai hau a fili, daga 0.50 zuwa 0.55 ko fiye. Na nikurom zai tsaya kusan inda yake. Wannan gwajin na wayar da ba ta bi maganaɗisu ba ne kuma kake zaton SS ce. In akwai yiwuwar taitaniyom ce, kada ka bari ta yi ja.

Wayar da aka nannaɗe da wata siririya a kai, irin su Clapton, sai ka san me ke ciki da me ke waje. In cikin Kanthal ne waje SS, na'ura ba za ta ga hawan da take jira ba. Haka nan kawunan kwayil na kamfani da ake saya a kwali: galibinsu Kanthal ne ko raga, in ba a rubuta Ni, Ti ko SS316L a jikinsu ba, kada ka wahalar da kanka.

Shawarata ga mai koyo ita ce waya guda madaidaiciya ta SS316L, lamba 26, wato kaurin kamar milimita 0.4, zagaye 7 a kan sanda mai milimita 3. Wannan yana ba da kusan om 0.5, kwayil ɗaya tak. In wannan ya zauna, sai ka ƙara wasu dabaru.

Sai tsarin da ka zaɓa a na'ura

Wannan gajeren mataki ne amma yana cin mutane da yawa. In kwayil SS ne ka bar na'ura a kan Ni, tana jiran om ya ninka ne kafin ta rage wuta, shi kuma ba zai taɓa ninkawa ba, sai auduga ta toye. In nikel ne ka sa SS, tun kafin ya yi ɗumi za ta yanke. Duba da idonka, domin madannai suna dannuwa a aljihu.

Na'urori irin na Joyetech da Eleaf suna da gurabe M1, M2, M3 inda kake shigar da TCR da hannu. A nan SS316L yana tsakanin 88 da 92, taitaniyom wajen 350, nikel wajen 600. Wasu na'urorin suna rubuta 0.00092, wasu 920, duk abu ɗaya ne. Ka riƙe wannan: ƙara lambar TCR yana ƙara zafi, rage ta yana rage shi. SS304 da SS430 ba ɗaya suke da 316L ba, nasu ya fi girma, saboda haka in ka sa su a gurbin SS316 tururi zai fito da rauni.

A duba kuma ko fuskar tana kan C ko F. Digiri 420 a F shi ne kamar 215 a C. Wanda ya ga 220 bai lura F ba ne, a kan digiri 104 yake zuƙa, yana mamakin me ya sa ba tururi.

Naɗi da ɗauri

A TC a bar 'yar tazara tsakanin zagaye da zagaye. Dalili shi ne in zagaye biyu suna taɓa juna wani lokaci, suna rabuwa wani lokaci, wuta tana samun gajeriyar hanya sannan ta rasa ta, om yana ta tsalle. Hanya mai sauƙi: naɗa a matse, ka ja kwayil ɗin ya buɗe a kan sandar, sannan ka sake matso shi da yatsu ka saki. Zai zauna da tazara iri ɗaya. Ga nikel da taitaniyom wannan tazara dole ce. Ga SS ana iya yin matsattse, amma sai an ƙona shi a hankali har ya riƙa ja daga tsakiya zuwa gefe, kuma ga mai koyo mai tazara ya fi kwanciyar hankali.

Kada ka ƙona nikel ko taitaniyom har ya yi ja don gyara shi ko wanke shi. Taitaniyom yana yin farin gari a jikinsa in ya sha zafi, yana ma iya kamawa da wuta. In ka ga wannan farin garin, cire kwayil ɗin ka jefar. Waɗannan biyun kuma ba a sa su a tsarin wat, ba a sa su a na'urar da ba ta da kwakwalwar lantarki. Mai ƙaiƙayin fata in ya sa agogo ko zobe na nikel ya nisanci wayar nikel. SS316L ana iya ɗan dannawa a wat ƙasa-ƙasa, a wuri mai duhu-duhu don ka ga jan da wuri, ka tsaya da zarar ya fara ja mai duhu.

Ƙafafun kwayil su zama gajeru gwargwadon iko, kuma tsawonsu ɗaya. Doguwar ƙafa ba ta kwance a kan auduga, babu ruwan da ke sanyaya ta, sai ta fi sauran zafi. Na'ura kuwa matsakaicin zafin wayar gaba ɗaya take gani, ba ta san wani yanki ya fi wani ba. Za ta nuna maka 210 alhali ƙafar ta wuce haka nesa, kana jin ɗanɗanon ƙarfe a baki. Haka abin yake ga kwayil biyu da ba su zo daidai ba: ɗaya yana ƙuna, ɗaya yana sanyi, na'ura tana ganin tsakiyarsu.

Yanzu ɗauri. Sa sandar a cikin kwayil kafin ka ɗaure noti, don kada ya murɗe. Ɗaure har ya kama, ka ɗan ja ƙafar da hantsaki ka ji ko tana zamewa. In SS ne, ɗan ɗumama shi, ka bari ya huce, ka sake ɗaurewa, domin zafi yana sassauta ɗaurin farko. Nikel kuma laushinsa ya sa noti yana iya datse shi ko ya bar shi rataye da ɗan siririn gashi. In tankinka yana yawan yanke nikel, lanƙwasa bakin ƙafar gida biyu kafin ka zura. Yanke ragowar waya har gindi, ka tabbata guntun bai faɗa cikin tanki ba.

Ga gwajin da yake tona asirin ɗauri: duba om, ka ɗan taɓa kwayil da hantsakin tangaran, ka sake dubawa. Sannan ka rufe murfin tanki ka sake dubawa. Lambar ba ta motsa ba, madalla. In ta faɗi bayan rufe murfi, kwayil yana taɓa bangon murfin. In ta hau ta sauka da taɓawa, akwai notin da bai kama ba, ko sandar da wayar take shiga ita kanta tana girgiɗi.

Mahaɗin tanki da na'ura

Wurin da tanki yake murɗuwa a kan na'ura, wanda ake kira 510, shi ne inda ƙurarmu take yin ɓarna. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu yake rufe Marwa da Kusiri har ba a hango tsallaken kogi sosai, ƙurar nan mai laushi tana shiga ko'ina. Ta haɗu da ɗan ruwan da ke tsatsowa daga ramin iska, ta zama danƙo baƙi a kan fil ɗin tsakiya. Mai yawo da babur ya fi kowa shan wannan.

Cire batir tukuna. Naɗa auduga a tsinke, ka jiƙa da alkol na kantin magani, ka goge cikin ramin da zaren murɗin da fil ɗin na'ura, ka goge na tanki. Za ka ga baƙin da zai fito. Danna fil ɗin na'ura da tsinke ka ga ko yana dawowa sama da kansa. In ya maƙale a ƙasa, sifirin ɗinsa ya gaji ko danƙo ya riƙe shi. Fil ɗin gindin tanki ma a duba, a wasu tankuna shi ne notin da ke riƙe sandar wuta, in ya sassauta om ba zai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Bari alkol ya bushe, ka mayar da batir. Murɗa tanki har ya zauna, ba sai ka matse da ƙarfi ba. Cire, mayar, cire, mayar, kana duba om kowane karo. Ya kamata ya dawo lamba ɗaya. In yana ba ka 0.50, 0.53, 0.51, kada ka wuce wannan mataki, domin duk abin da zai biyo baya a kan yashi zai tsaya.

Kulle om, da matsalar zafin ƙasarmu

Nan ne na fi so a tsaya, domin bayanan da ke zuwa cikin kwali an rubuta su ne da ɗakin da zafinsa yake digiri 20 a rai. Suna cewa a kulle om a zafin ɗaki, wato a sa na'ura ta riƙe lambar om ɗin kwayil ta lokacin da yake sanyi. To zafin ɗaki a Garwa ko Injamena a watan Maris da Afrilu, da rana tsaka, yana haura 40. Na'urori da yawa, musamman masu sauƙin kuɗi, duk lambar da ka kulle suna ɗaukarta a matsayin om na digiri 20. Kamar mai nama ne ya ɗora kwano a sikeli bai mayar da allura sifili ba, duk awon da zai yi ranar da nauyin kwanon a ciki.

Mu koma ga kwayil ɗinmu mai 0.500 a digiri 20. A digiri 40 zai karanta kamar 0.509. In ka kulle a haka, na'ura ta ɗauka 0.509 ne sanyinsa, sai ta ɗaga inda za ta tsaya. Ka sa 220, kwayil yana kaiwa 240 da 'yan kai. Ka ga auduga ta fara ƙauri, kai kuma kana kallon fuska tana rantse maka 220 ne. In kuma ka kulle bayan ka gama ƙona kwayil bai huce ba, ko na'ura ta sha rana a kan tankin babur ko gaban mota, kuskuren ya ninka haka.

Abin yi shi ne wannan. Bayan ka gama naɗi, ajiye tanki a kan na'ura a inuwa, aƙalla minti 15, su huce tare su zama zafi ɗaya. Lokaci mafi kyau shi ne da sassafe bayan asuba, ko ɗaki mai na'urar sanyaya wuri. A hunturu safiyar Marwa tana sauka ƙasa da 20, a Ngaundere kuwa, da yake kan tudu take, yawancin safiya sun dace. A bazara ko da asuba ba za ka samu 20 a kwarin Binuwai ba, saboda haka sai ka gyara da lissafi. Duba zafin gari a wayar salularka. In 32 ne, bambanci 12 ke nan, sai ka rage 12 daga zafin da kake so: maimakon 220 ka sa 208 ko abin da ya fi kusa. In na'urarka tana barin a gyara om da hannu, kamar masu manhajar Arctic Fox, rage lambar kai tsaye. Ga SS316L mai 0.5, kowane digiri 10 sama da 20 yana daidai da kusan 0.005. Na'urorin DNA suna da ma'aunin zafi a jikin allonsu na ciki, suna gyara lambar da kansu in an bar su sun huta, saboda haka su babban abin da suke so shi ne a bar tanki da na'ura su zauna tare ba a taɓa ba.

Kada ka sa tanki a firij don ka samu sanyi. Zai yi ƙasa da 20, ka kulle lamba ƙarama, tururi ya zo da rauni, ga kuma raɓa da za ta kwanta a mahaɗi in ka fito da shi cikin zafi.

Da zarar ka samu lamba mai kyau, rubuta ta a wani wuri, ka kulle. In ka cire tanki da rana don zuba ruwa, na'ura ta tambaye ka ko sabon kwayil ne, ka ce mata tsohon ne. In ka ce sabo, ta sake karantawa a zafin azahar, aikin safiya ya tashi a banza. In kuwa sabon kwayil ka naɗa da gaske, buɗe kullen tukuna, in ba haka ba da lambar tsohon za ta yi masa lissafi. Wannan mantuwar ita ce sanadin yawancin fitar na'ura daga TC.

Gwada kafin ka zuba ruwa

Zura busasshiyar auduga a kwayil, sa digiri 200, wat 20, ka danna na daƙiƙa biyar, sau biyu ko uku. Zaro audugar ka duba. In fara ce ko ta ɗan yi ruwan ƙasa kaɗan, lissafi yana kan hanya, domin busasshiyar auduga tana fara sauya launi ne daga wajen 210 zuwa 220. In ta yi baƙi ko ta yi hayaƙi, kwayil ya fi abin da fuska ke nunawa zafi: koma kan waya, tsari, da lambar da ka kulle. In layi ɗaya ne kawai ya ƙone a jikin audugar, wannan zagayen ne yake da matsala, yana taɓa maƙwabcinsa ko ya lanƙwashe.

Ga masu na'urar da ke nuna zafi yayin dannawa akwai gwaji na biyu. Jiƙa audugar sharkaf da ruwan sha, sa zafi 150, wat 10 zuwa 15, ka danna kana kallo. Muddin da ruwa a jikin waya, lambar za ta tsaya kusa da 100. A Ngaundere ruwa yana tafasa wajen 96 saboda tsayin wurin, kada wannan ya ruɗe ka. In fuska ta tsaya a 80, na'ura tana raina zafin, za ta ƙona maka auduga. In ta tsaya a 125, tana zuzuta shi, tururi zai zo da rauni. Da wannan za ka san ta wane ɓangare za ka gyara.

Lagwani da ruwa

Muna zaune a ƙasar auduga, amma audugar gona ba ta shiga tanki. Tana ɗauke da maganin feshi, ga maiƙon da ke jikinta wanda ke hana ta shan ruwa. A yi amfani da audugar da aka yi don wannan aiki. Yawanta a cikin kwayil: in ka ja, ka ji ɗan riƙo amma kwayil bai bi ta ba. Ta yi yawa, za ta toshe hanyar ruwa, ta kuma buɗe zagayen nikel ta sauya om. Ta yi kaɗan, wani zagayen zai zauna a iska ba ya taɓa komai. Bayan sa lagwani sake duba om, ya zama bai bar lambar da ka rubuta ba.

Akwai abin da mutane suke ɗauka matsala ce alhali TC ne yake aikinsa. Zuƙa ta farko da kyau, ta biyu da kyau, ta uku tururi ya ragu, fuska ta nuna Temp Protect ko Protection. Wannan lagwani ne ba ya kawo ruwa da sauri, kwayil ya bushe, na'ura ta janye wuta don kada ka shaƙi ƙauri. Kada ka ƙara zafi don ka danne alamar. Ƙaurin nan da take kare ka daga gare shi, cikinsa akwai abubuwa masu cutar da huhu irin su fomaldihaid da akrolin. Rage wutsiyar audugar da ke cikin ramukan ruwa, ka tsefe ta. Ruwa mai VG da yawa, wato sinadarin gilisarin da ke cikin ruwan, yana yin kauri a sanyin hunturu, ya yi jinkirin bin lagwani. A bazara kuma ya tsinke, ya cika ɗakin kwayil, ya tsatso ƙasa ya ɓata mahaɗin da ka wanke. Lagwanin da ya yi maka daidai a Janairu sai ka ɗan ƙara masa kauri a Afrilu. Ruwa mai zaƙi sosai yana barin baƙin ɓawo a waya cikin 'yan kwanaki, ɓawon yana raba waya da ruwa, sai na'ura ta riƙa yankewa da wuri. SS ana cire auduga a ɗan ƙona shi a wanke. Nikel da taitaniyom sabo ake naɗawa.

Wat a cikin TC

Wat a nan saurin isa zafin ne kawai. Ga kwayil ɗin da na ba da misali, 25 zuwa 30 ya isa. In ya yi ƙasa sosai, kwayil ba zai kai zafin ba, wasu na'urorin ma sai su ɗauka Kanthal ne tunda om bai hau da sauri ba, su fice daga TC. In ya yi sama sosai, zai buga zafin nan take, na'ura ta yanke, ta dawo, ta yanke, ka riƙa jin tururi yana zuwa yana ɗaukewa. Fara da digiri 200, ka riƙa ƙara biyar-biyar. Yawancin mutane suna samun abin da suke so tsakanin 200 da 240. In sai ka kai 280 ko 300 kafin ka ji ɗumi, lambar da aka kulle ta yi ƙasa, ko TCR ya yi ƙasa, ko akwai datti a mahaɗi da ya ƙaru bayan kullewa.

Batir

Batir mai rauni yana kwaikwayon matsalar kwayil: wuta ba ta isa, tururi ya yi sanyi, a yi ta kwance tanki a banza. Amma abin da ya fi damuna a nan hatsari ne. Batir 18650 da aka ciro daga tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ko wanda aka yi wa tocila, ba a yi shi don jan wuta mai yawa ba. Wanda aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta, domin na gaskiya a wannan girman bai cika wuce 3500 ba, masu jure jan wuta sosai ma suna tsakanin 2500 da 3000 ne. A nemi na Molicel, Samsung ko Murata daga hannun wanda aka amince da shi. Ledar jikin batir in ta yage ko kaɗan, a sake masa riga ko a ajiye shi. Kada a sa shi tsirara a aljihu tare da makulli da tsabar sefa. Kada a bar shi a mota a rufe da rana. Caji kuma a caja ta waje, kana kusa, ba a kan katifa ba, kuma in an ɗauke wuta a zare daga soket kafin ta dawo ko kafin a tayar da janareta.

In ka bi duk wannan abin bai gyaru ba, raba laifin gida biyu. Ari tankin wani wanda TC yake yi masa aiki, ka ɗora a na'urarka, ka kuma ɗora naka a tasa, kowanne a bar shi ya huce a sake kulle om. In matsalar ta bi tanki, kwance shi gaba ɗaya ka duba robar da ke raba sandar wuta da gindi, wataƙila ta narke ko ta tsage, kuma tana cikin ledar kayan gyara da ke zuwa da yawancin tankuna. In ta bi na'ura, duba ko kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja, domin wasu na farko-farko ba sa karanta SS da kyau sai an sabunta su. In fil ɗin 510 ne ya mutu ko wayar ƙarƙashinsa ta saki, mai gyaran wayar salula da ya iya lantarki zai iya sake liƙa ta, amma ka cire batir kafin ka miƙa masa. In kuma na'urar lamba biyu kawai take karantawa bayan ɗigo kuma tana tsalle ko da tanki mai kyau, yi amfani da SS316L ɗinka a tsarin wat, ka riƙa lura da ruwan tanki kada ya sauka ƙasa da ramukan lagwani.